RA'AYINMU: In Magani Ya Dame Ka, Koma Wurin Wanda Ya Ba Ka

Da wuya a sami ikkilisiya mai yawan jama'a a arewacin ƙasar nan wadda babu wani a cikinta da ke haɗiyar maganin cutar HIV kowace rana. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018, aka kuma bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a Nijeriya, jihohin Binuwai da Taraba kuwa suna cikin na gaba-gaba. Waɗannan mutane 'yan'uwanmu ne. Akwai su cikin mawaƙa, akwai su a zumuntar mata, akwai su a kujerun dattawa. Da yawansu lafiyarsu lau, suna noma, suna koyarwa, suna aurar da 'ya'ya, kuma maganin nan ne Allah ya yi amfani da shi ya tsai da su da ƙafafunsu.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen a yau shi ne wani hali da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna kuka da shi. Mutum ya soma shan magani, sai ya ji jikinsa ya sake masa: jiri, ko tashin zuciya, ko barci ya ƙaurace masa. Ba shi da wanda zai faɗa wa, gama faɗar abin da magani ke yi masa tona asirin cutar ne. Sai ya tura robar ƙarƙashin katifa, ya daina zuwa karɓa. Jiki ya yi masa daɗi na 'yan watanni. Bayan shekara a ji ya kwanta, a ce taifot ne, a ce zazzaɓi ne mai naci. Ra'ayinmu a nan shi ne: illolin maganin nan gaskiya ne, ba raki ba ne, kuma kusan kowace ɗaya tana da makari a asibiti, muddin an buɗe baki an faɗa da wuri.

Tsoron da jama'a ke yi wa maganin nan yana da tushe, ruwa kuwa ba ya tsami banza. A 2002 gwamnatin tarayya ta soma raba shi a cibiyoyi 25, da nufin kaiwa ga manya 10,000 da yara 5,000, mai shan magani yana biyan naira 1,000 a wata. Daga kamfanonin Indiya aka sayo shi, haɗin magunguna uku ne: stavudine, lamivudine da nevirapine. Mun rubuta sunayen yadda suke a jikin roba domin mai karatu ya iya dubawa ya gane nasa. Daga 2004 tallafin Amurka na PEPFAR ya shigo, asibitocin mishan irin su Evangel na ECWA da Faith Alive a Jos suka sa hannu tare da asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da sauransu, a 2006 kuma aka mai da maganin kyauta. Mutanen da aka riga aka fid da rai da su suka tashi. Duk wanda ya ga yawan jana'izar da aka yi a shekarun 1990 ya san girman wannan alheri.

Amma waɗancan magunguna na fari sun bar tabo. Stavudine yana cinye kitsen fuska da na hannuwa da ƙafafu da mazaunai. Kumatu su zurma, jijiyoyi su fito ruɗu-ruɗu, a ga mutum kamar ya shekara yana jinya alhali jininsa ya gyaru. Wasu kuma tafin ƙafarsu ya riƙa zafi kamar sun taka garwashi, ko ya mutu ba sa jin komai. Mafi ciwo a ciki shi ne fuskar nan ta zama tambari. Mace ta shigo sujada, kafin ta zauna an riga an taɓa juna. Nevirapine shi kuma yakan fesa wa wasu ƙuraje a makonnin farko, wani lokaci har fata ta salluɓe kamar ƙunar wuta, baki da idanu su yi gyambo, yakan kuma taɓa hanta, musamman ga mata. Shi ya sa ake soma shi da rabin awo na kwana 14. Zidovudine, wanda aka fi sani da AZT, yakan rage jini, ya baƙanta farce. A ƙarshen 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su janye stavudine, aka kuwa janye shi. Sai dai labarinsa bai janye daga bakin mutane ba. Har yau akwai matashin da za a ba shi magani ya ƙi sha, domin ya tuna yadda fuskar gwaggonsa ta koma shekara 20 da suka wuce, bai san ƙwayar da ke hannunsa dabam take da waccan ba.

Daga 2013 aka koma ga ƙwaya ɗaya a rana mai ɗauke da efavirenz, kuma a nan ne muke roƙon fastoci da masu bishara da shugabannin ƙungiyoyin addu'a su kasa kunne da kyau. Efavirenz yana shiga ƙwaƙwalwa. Yakan kawo jiri kamar na wanda ya bugu, yakan kawo mafarkai masu ƙarfi da ban tsoro, irin waɗanda mutum zai farka yana gumi ya rantse da ido biyu ya gani. Ana binsa da gudu, matattu suna kiransa, macizai sun cika ɗaki. Ga mafi yawan mutane abin yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, musamman in ana sha da dare lokacin kwanciya, ba a kan abinci mai maiƙo ba, gama maiƙo yana ƙara yawan maganin da ke shiga jini. Ga wasu kuwa ba ya lafawa. Bincike ya nuna cewa a cikin mutanen Afirka an fi samun waɗanda hantarsu ke jinkirin sarrafa wannan magani, sai ya taru a jiki, ya kai ga baƙin ciki mai tsanani, ko ruɗewa, har wani ya soma tunanin kashe kansa. Wasu maza kuma ƙirjinsu yakan taso, abin kunyar da namiji ba ya iya faɗa ko wa matarsa.

To, a ƙasarmu mai mugun mafarki ina yake nufa? Wurin fasto. Ba ya ambaton magani, mafarkin kaɗai yake kawowa. Nan da nan a soma neman maye a cikin dangi, a zargi kishiyar uwa ko tsohuwar da ke maƙwabtaka, a kwana ana tsawata wa aljanu, alhali tushen abin yana cikin roba a aljihunsa. Ba mu hana addu'a ba, ba kuma za mu hana ba. Abin da muke cewa shi ne, makiyayin da mutum ya zo masa da sabon mafarki mai firgitarwa ya keɓe shi, ya tambaye shi a hankali ko ya soma shan wani magani kwanan nan. Tambaya ɗaya tak tana iya raba gida da gabar shekaru. An rage ba da efavirenz ƙwarai a yanzu, amma akwai sauran masu shan sa.

Maganin da mafi yawan manya ke karɓa a yau shi ne wanda ake kira TLD, watau tenofovir da lamivudine da dolutegravir cikin ƙwaya ɗaya. An soma komawa gare shi a ƙasar nan wajen 2018 zuwa 2019. Ya fi na baya sauƙi nesa ba kusa ba, yana danne ƙwayar cutar da sauri, ana kuma iya shan sa da abinci ko babu. Ciwon kai, tashin zuciya da ɗan zawo na kwanakin farko kan wuce da kansu. Wanda ya hana shi barci yakan sami sauƙi in an mai da masa lokacin sha zuwa safe. Duk da haka shi ma yana da nasa, kuma nasa ba sa ihu, shi ya sa suka fi bukatar a sa musu ido.

Na farko ƙiba. A 2019 aka buga sakamakon wani bincike mai suna ADVANCE da aka yi a Johannesburg, wanda ya ƙunshi mutum sama da 1,000. Cikin makonni 48, masu shan irin haɗin da ya yi kama da TLD sun ƙara kimanin kilo 3, masu shan dolutegravir tare da sabon nau'in tenofovir sun ƙara kimanin kilo 6, masu efavirenz kuwa kilo 1 kacal, kuma mata suka fi ƙaruwa. Wani binciken mai suna NAMSAL a Yawunde ta Kamaru, nan maƙwabtanmu, shi ma ya ga ƙiba ta fi yawa ga masu dolutegravir. A wurinmu wannan ba ya kama da matsala. Wadda ta rame ta sha tsegumi, in ta murmure sai a ce, “Kai, Mama, kin yi kyau, Allah ya amsa addu'a.” Wani sashi na ƙibar nan lalle dawowar lafiya ce, abin godiya. Amma in teɓa ta ci gaba shekara bayan shekara, hawan jini da ciwon suga suna biye da ita. An kuma sami wasu kaɗan da sugansu ya hau bayan an mai da su kan dolutegravir. Wanda ya ga ƙishirwa ta dame shi, yana yawan tashi fitsari da dare, yana ramewa ba dalili, kada ya jira ranar da aka rubuta masa a kati. Mai ciwon suga da ke shan metformin kuma ya tabbata likitocinsa duka biyu sun san da juna, gama dolutegravir yana ƙara ƙarfin metformin a jini, sai an daidaita awo.

Na biyu ƙoda. Tenofovir yakan gajiyar da ƙodar wasu a hankali, ya kuma rage ƙarfin ƙashi, ba tare da mutum ya ji komai ba sai abu ya yi nisa. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu shekaru, da marasa nauyin jiki, da masu hawan jini ko suga, da kuma masu shan maganin ciwon jiki kullum. Wannan na ƙarshe ya shafe mu sosai. Manomi ya dawo daga gona, ɗan acaba ya tashi aiki, sai a biya kemis a haɗo diclofenac da ibuprofen a watsa, gobe ma haka. Waɗannan ƙwayoyi su kansu suna wahal da ƙoda, balle an haɗa su da tenofovir, ga zafin rana, ga ƙarancin shan ruwa. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a tasha da bakin kasuwa, waɗanda ko mai sayarwa bai san awonsu ba.

Akwai kuma wani abu da ba illar maganin ba ce kai tsaye, amma daga ita yake tasowa. Mutum ya ji ƙwannafi ko tashin zuciya, sai ya sayi farin ruwan maganin olsa ya kora ƙwayarsa da shi. Irin wannan magani, da maganin ƙarin jini, da na ƙarin ƙarfin ƙashi, suna ɗauke da sinadaran da ke kama dolutegravir a cikin hanji su hana shi shiga jini. Mutum yana sha kullum ba fashi, amma kamar bai sha ba. Ƙa'idar ita ce a sha maganin HIV awa 2 kafin maganin olsa, ko awa 6 bayansa. Mata masu juna biyu da ake ba maganin ƙarin jini a wurin awo su tambayi nas yadda za su tsara, su kuma faɗa mata in suna cin farar ƙasa. Mai shan maganin tarin fuka shi ma akan ƙara masa ƙwayar dolutegravir ta biyu a rana, domin rifampicin yana rage ta. Wannan ba kuskuren mai ba da magani ba ne, kada a ajiye ta.

Mata da yawa sun ji an ce TLD yana nakasa jarirai. Ga asalin zancen. A watan Mayu na 2018 masu bincike a Botswana suka ba da rahoton jarirai 4 cikin 426 da aka haifa da tawayar ƙashin baya ko ta ƙwaƙwalwa, waɗanda uwayensu ke shan dolutegravir sa'ad da suka ɗauki ciki. Ƙasashe da dama suka dakata da ba mata matasa. Da aka ci gaba da ƙidaya, haihuwa ta kai dubbai, sai adadin ya yi ta sauka har ya zo daidai da na sauran mata. A watan Yuli na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba kowa, har da masu ciki. Gargaɗin ya zaga gari da ƙafa huɗu, gyaransa kuwa har yanzu bai kai wasu gidaje ba. Matar da ta ajiye magani domin ta ga ta yi ɓatan wata, ta buɗe wa cutar hanya zuwa ga ɗan da take ƙoƙarin karewa.

Wani abin da ke ɓata sunan maganin nan shi ne a ga mutum ya soma sha, bayan mako biyu ko wata guda jikinsa ya ƙara rikicewa: zazzaɓi, tari, kaluluwa ta kumbura a wuya, ko ciwon kai mai tsanani. Dangi su ce, “Da ma lafiyarsa ƙalau, maganin nan ne ya kwantar da shi.” Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne, mutumin ya zo asibiti a makare, garkuwar jikinsa ta riga ta faɗi, tarin fuka ko wani nau'in sanƙarau ya ɓuya a ciki ba wanda ya tanka masa. Da magani ya farfaɗo da garkuwa, sai ta tashi ta kama faɗa da abin da ta tarar, zafin faɗan ne ake gani. Likitoci sun san wannan, suna da yadda suke bi da shi, kuma galibi ba a tsai da maganin. Sa'an nan ba kowane ƙurji ne na maganin HIV ba. Septrin da ake haɗawa da shi yakan kawo ƙuraje, isoniazid na rigakafin tarin fuka yakan kawo zafin ƙafa. Mai jinya ba zai iya rarrabe wannan a gida ba.

Saboda haka akwai abin da ake yi wa haƙuri, akwai wanda ba a kwana da shi. Ƙuraje tare da zazzaɓi ko gyambon baki da jan ido, idanu su yi ruwan ɗorawa tare da amai da ciwon ciki, haki da farin tafin hannu, kumburin fuska da ƙafafu ko raguwar fitsari, ciwon kai da sanƙarewar wuya, da tunanin kashe kai: duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya nufi asibiti a ranar, kafin lokacin shan ƙwaya ta gaba, ko da kuɗin mota sai an ranto.

Me ya sa muke nanata kada mutum ya tsai da magani da kansa? An gwada, an ga sakamako. Wani babban bincike mai suna SMART ya ɗauki mutum 5,472 a ƙasashe 33, aka bar wasu suna sha kullum, wasu kuma ana ba su hutu in jininsu ya yi kyau, da fatan hutun zai rage musu illolin magani. A watan Janairu na 2006 aka tsai da binciken tun bai ƙare ba, gama masu hutun sun fi sauran kamuwa da ciwo mai tsanani ko mutuwa fiye da ninki biyu, kuma ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta da ake gudu bai ragu a cikinsu ba. Wannan fa a hannun likitoci ke nan. Bugu da ƙari, sha yau a bari gobe shi ke koya wa ƙwayar cutar taurin kai har ta daina jin magani. In haka ta faru sai a koma layi na biyu, inda ƙwayoyin suka fi yawa, atazanavir yana sa idanu su yi kamar na mai shawara, lopinavir yana sa zawo. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ga kuma ciwon hanta nau'in B, wanda binciken 2018 ya samu a jikin kimanin 8 cikin 100 na manyan ƙasar nan. Tenofovir da lamivudine suna danne shi tare da HIV, ko mutum ya san yana da shi ko bai sani ba. Ranar da aka ajiye su yana iya tasowa da ƙarfi ya lalata hanta.

Ga hukumomin lafiya da asibitoci, har da namu na mishan, muna da magana. Ba daidai ba ne a miƙa wa mutum robar wata uku ko shida ba tare da an tambaye shi yadda yake barci ba, ba a ɗora shi a sikeli ba, ba a auna jininsa ba. Maganin kyauta ne, amma a wurare da yawa gwajin ƙoda da na suga sai an biya, talaka kuwa yakan tsallake. Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje a watan Janairu na 2025 aka ga yadda aikin nan ya dogara ga aljihun wasu. Muna kira ga gwamnatin tarayya da na jihohi su sa waɗannan gwaje-gwaje cikin abin da suke ɗaukar nauyinsa. Ma'aikaci kuma in an kawo masa kuka kada ya ce “ka yi haƙuri” ya kira na gaba. Hukumar NAFDAC tana da takarda ta musamman ta kai rahoton illar magani, a cika ta, gama da irin waɗannan rahotanni ne aka gane sharrin stavudine har aka kawar da shi.

Sauran magana tamu ce ta cikin gida. Wanda magani ya gajiyar da shi yana neman dalilin ajiyewa, kada mu zama mu ne muka ba shi. In an gwada jini aka ce ba a ga ƙwayar cutar ba, ma'anarsa magani ya danne ta har na'ura ba ta iya ƙirga ta, kuma mai irin wannan sakamako ba ya sa wa matarsa ko mijinta. Labari ne mai daɗi, ya isa a yi godiya. Amma cutar tana nan a ɓoye, in an daina sha takan dawo cikin 'yan makonni. Duk mai wa'azin da ya sa mutum ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaidar warkewa, ya zubar da ƙwayoyinsa don nuna bangaskiya, alhakin ran nan yana wuyansa. Haka batun azumi, ko na farkon shekara ko na kwana 40 kafin Ista. Ƙwaya ɗaya ce a rana, ana iya tsara lokacinta da shawarar likita ba tare da an tsallake ko kwana ɗaya ba. Azumin kwana uku ba ci ba sha kuwa bai dace da mai shan tenofovir ba, ya kamata shugabanni su faɗi haka daga bagade a dunƙule, cewa duk mai shan magani na kullum an ɗauke masa, domin kada wani ya tashi neman izini ya tona kansa. Wanda kuma aka ba shi amanar sirri, fasto ne ko matar fasto ko dattijo, ya riƙe. Dokar ƙasa ta 2014 ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da cutar, ta kuma hana bayyana halin mutum ba da yardarsa ba. Ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, NEPWHAN, tana da ƙungiyoyin taimakon juna a jihohi, inda sabon shiga zai tarar da waɗanda suka riga shi shan jirin nan da rashin barcin nan, su gaya masa yadda suka yi.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da ke karanta wannan kuna sane da robar da kuka ajiye: ranar komawa asibiti a tattara duk abin da ake sha a leda guda, na kemis da na gargajiya da na ƙarin jini, a zube a gaban likita, a faɗi ranar da aka daina da abin da ya sa. Za a duba jini, a ga ko maganin da aka bari zai ci gaba ko sai an sauya wani.